Idan An Riga An Gama Komai, Me Ya Rage Mana?

Wani ɗalibina ya tare ni bayan darasi, idanunsa sun yi zuru-zuru, ya ce: "Malam, idan kowane motsina tilas ne, ina amfanin wahalata?" Ashe ya karanta Laplace, masanin lissafin Faransa, wanda a 1814 ya ce hankalin da ya san matsayin kowace ƙwayar zarra da ƙarfin da ke tura ta zai lissafa gobe tamkar jiya. Tun daga nan barci ya ƙaurace wa yaron.

Ban yi masa dariya ba, domin ni ma na taɓa kwana a wannan rami. Tambayar tsohuwa ce; a kanta Jabariyya da Ƙadariyya suka daɗe suna sa-in-sa.

Abin da ya fisshe ni shi ne: in dai sababi ke haifar da komai, to ƙoƙarina ma sababi ne. Manomin da ya ƙi shuka don wai an riga an rubuta, rumbunsa wayam zai kwana.

Na ce ya je ya ci abinci, ya gaida mahaifiyarsa, mu haɗu ranar Litinin. Ya kuwa dawo, da littafinsa a hannu.