Badagishiri: ko tsohuwar salula za ta sake tashi?

A Badagishiri, cikin gundumar Illela ta jihar Tawa, salula ta zama abokiyar sana'a. Da ita ɗan kasuwa ke jin farashin hatsi da na bisashe daga Ƙonni, da ita ma'aikacin gwamnati ke karɓar saƙonnin ofis. Sai dai wata matsala ta daɗe tana cin aljihun jama'a: salula na da sauran ƙarfi, gilashinta garau, amma manhajoji sun daina yarda da ita. Ga misali, tun ranar 24 ga Oktoba 2023 WhatsApp ya bar aiki a kan Android da bai kai lamba 5 ba. Mai irin wannan salula sai ya jefa ta cikin akwati, ya nemi kuɗin sabuwa.

Laifin yana ga babbar manhajar da ke tafiyar da salular, wadda kamfani ke daina sabuntawa bayan ƴan shekaru. To, a duniya akwai masu aikin sa kai da ke cire wannan manhaja su dasa wata. Mafi shahara ita ce LineageOS, wadda ta gaji CyanogenMod a ƙarshen 2016. Akwai postmarketOS, da aka soma a 2017 da burin salula ta yi shekara 10 tana aiki, da Ubuntu Touch, wadda ƙungiyar UBports ta rungume bayan kamfanin Canonical ya sake ta a 2017, da /e/OS ta Bafaranshe Gaël Duval. Amfanin a bayyane yake: Galaxy S5 ta 2014, wadda Samsung ya tsayar a Android 6, LineageOS ta kai ta har Android 11.

Amma fa dashen ba kamar sauya riga ba ne. Kowane samfurin salula sai an yi masa nasa ɗinki, don manhajar ta san hanyar magana da kyamara, da lasifika, da layin waya. Kuma sai an buɗe makullin da kamfani ya sa a ƙofar salular, abin da ke shafe duk abin da ke ciki. Nan ne gizo ke saƙa ga mutanen Adar: salulolin da suka cika kasuwanni su ne Tecno, Itel da Infinix na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, kuma da wuya a ga sunayensu cikin jerin waɗanda LineageOS ke kula da su. Samsung, Xiaomi, Motorola da Google Pixel ne suka fi yawa a jerin.

Akwai kuma haɗari. Kuskure guda na iya mai da salula dutse. Wasu manhajojin banki da na aiken kuɗi kan ƙi buɗewa a salular da aka cire wa makulli, wanda ba ƙaramin cikas ba ne ga ɗan kasuwa. Kuma dashe ba ya warkar da batirin da ya gaji.

Duk da haka, hanya a buɗe take. Masu gyaran salula na Ƙonni, Malbaza da Badagishiri sun saba da filashin, wato mayar wa salula manhajar kamfaninta da kwamfuta. Tsakanin wannan da dashe tazarar ba ta da yawa, in an samu horo. Shi kuwa mai sayen salular hannu, ya kamata ya duba lambar samfurinta cikin jerin kafin ya biya. Mai son dashe kuma ya fara kwashe lambobi, hotuna da lissafin bashinsa zuwa wani wuri. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san kurtun da ta fito.