Ranar Yerwa Da Zabiya: Yadda Jiki Ke Ɗinke Ɓarnar Da Rana Ke Yi

Duk wanda ya taɓa kwana a Maiduguri cikin watan Afrilu ko Mayu ya san ranar bazarar Yerwa, domin ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40, mutane su nemi gindin dogon yaro tun kafin azahar. Ga galibin jama'a wannan wahala ce ta 'yan watanni. Amma ga zabiya, watau wanda aka haifa ba shi da sinadarin melanin mai baƙanta fata, rana tana iya zama sanadin ajali, saboda sankarar fata tana cikin manyan cututtukan da ke halaka zabiya a ƙasashen Afirka.

Dalilin haka yana can cikin ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka zama jikin mutum. A cikin kowace ƙwaya akwai wani siririn zare da masana ke kira DNA, wanda ke ɗauke da dukan abin da mutum ya gada daga iyayensa. Da za a miƙe zaren ƙwaya ɗaya tak, da tsawonsa ya kai kimanin mita 2, ga shi kuwa ƙwayar ido ba ya ganin ta. Shi ya sa ake nannaɗe shi a jikin wasu dunƙule-dunƙulen furotin masu suna histon, kamar yadda masaƙi ke naɗe zare a kwarkwaro. Zaren da kwarkwaronsa gaba ɗaya su ake kira kuromatin.

Roger Kornberg, wani masanin Amurka, shi ya bayyana wannan tsari a 1974. Sa'an nan a 1997 Karolin Luger da Timothy Richmond, suna aiki a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, suka fitar da cikakkiyar siffar kwarkwaron, inda aka ga histon 8 a dunƙule, zaren kuma ya zagaya su kusan sau biyu.

To, a cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, ana ce da shi ultrabayolet. Idan ya ratsa fata yakan manne haruffan DNA biyu da ke maƙwabtaka da juna, saƙon da ke wurin ya gurɓace. Melanin shi ne garkuwar da ke tare yawancin wannan haske. Abin da ya kuɓuce wa garkuwar, sai ma'aikatan gyara na cikin ƙwaya su bi shi. Aziz Sancar, haifaffen ƙasar Turkiyya, ya nuna yadda suke yanke guntun da ya lalace su cike gurbin da sabo. A kan binciken gyaran DNA ne aka ba shi Lambar Nobel ta 2015 tare da Tomas Lindahl da Paul Modrich.

Sai dai gyara ba ya yiwuwa zare na naɗe. Mai ɗinkin hular zanna a Kasuwar Litinin, in ya ga ya yi kuskure, dole ya warware wurin, ya gyara, ya mayar da zanen yadda yake. Haka ƙwaya ke yi: ta sassauta histon, ta yi gyara, ta sake naɗewa. Wani furotin mai suna CAF-1, wanda Susan Smith da Bruce Stillman suka gano a 1989, yana cikin masu ɗora histon a kan zare. A 1996 Geneviève Almouzni da abokan aikinta a birnin Paris suka nuna cewa shi ne kuma ke maido da naɗin bayan an gyara ɓarnar ultrabayolet.

Ma'aikatan gyaran da ke jikin zabiya lafiyarsu lau. Matsalar ita ce rashin garkuwa, ɓarna takan yi musu yawa, wasu kurakurai su tsallake, su yi ta taruwa shekara da shekaru har su zama sankara. Wannan ya bambanta da cutar zirodama, wadda James Cleaver ya gano a 1968 cewa masu ita gyaran ne jikinsu ba ya iyawa.

Saboda haka likitoci ke horon zabiya da su sa malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu, su shafa man kare rana, su kuma guji fita daga hantsi zuwa la'asar, ko da hazo ya rufe gari. Duk gyambon da ya ƙi warkewa a fuska ko kunne ko wuya, a hanzarta kai shi asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, domin in an tari sankarar fata da wuri akan yanke ta mutum ya warke. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara don tunawa da zabiya. Lalle ya kamata iyaye da malaman makaranta su san cewa tura irin wannan yaro talla ko gona da tsakar rana zalunci ne, ko da ba a yi nufin haka ba. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.