Daren Alhamis na Ummu Kulsum

(Kiɗan buɗe shiri)

 

Duk inda masoya waƙa suka zauna hira, da wuya a watse ba a taɓa musun nan ba: wane wasa ne, cikin duk waɗanda aka taɓa halarta, ya fi zama a zuciya? Wani zai kawo na filin ƙwallo da ya cika ya batse. Wani zai kawo na manyan lasifikoki da fitilu masu walƙiya. Ni yau wani zaure zan kai ku a birnin Alƙahira, inda mace ɗaya ke tsayawa wuri guda, ba rawa ba tsalle, da ɗan gyale a hannunta, ta rera waƙa biyu ko uku kacal, kuma ba a tashi sai dare ya raba. Tun 1973 aka daina wannan zama. Amma har gobe idan ka tambayi dattijon Masar ko na Sham ko na Sudan wasan da ba zai manta ba, sunan da zai fara fito masa shi ne Ummu Kulsum.

'Yar ƙauye ce. An haife ta a wajajen farkon ƙarni na 20 a Tamay az-Zahayra, wani ɗan ƙauye a lardin Daƙahaliyya, can inda kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya shiga teku. Mahaifinta, Shaihu Ibrahim, limamin ƙauyen ne, kuma yakan rera ƙasidun yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, a wuraren mauludi da bukukuwa don ya ƙara abin cefane. A makarantar allo ta fara. Da uban ya ji irin muryar da Allah ya ba ta, sai ya riƙa tafiya da ita wuraren da aka gayyace shi, yana sa mata tufafin maza don kada bakin mutane ya taso. Daga wannan tarbiyya ta samo abin da ya raba ta da sauran mawaƙa har ƙarshen rayuwarta, wato fitar da kowane harafi daga inda ya kamata ya fito. Manomin da bai taɓa riƙe littafi ba yana jin ƙasidar Ahmad Shauƙi daga bakinta, kalma bayan kalma, ba wadda ta ɓace masa.

Ta koma Alƙahira a farkon shekarun 1920. A 1934 aka buɗe gidan rediyon gwamnatin Masar, kuma tana cikin waɗanda aka fara ji a ranar buɗewar. Bayan 'yan shekaru sai aka tsayar da al'adar da ta kawo mu yau: Alhamis ɗin farko ta kowane wata, a cikin watannin da take wasa, za ta hau dandamali, rediyo kuma ya watsa kai tsaye daga farko har ƙarshe. An yi shekaru sama da 30 ana haka. An zaɓi Alhamis ne saboda washegari Juma'a ce, ba mai sammakon aiki.

(Ɗan kiɗa)

To bari mu shiga zauren, ko na lambun Azbakiyya, ko na sinimar Ƙasrun Nil inda ta yi yawancin wasanninta na baya-baya. Misalin ƙarfe goma na dare. Maza sun sha kwat, mata sun ci ado kamar masu zuwa ɗaurin aure. A cikinsu akwai waɗanda suka hawo jirgin sama daga Beirut ko Kuwaiti saboda wannan dare kaɗai. Mai gabatarwa na rediyo, wanda shekaru da dama Jalal Mu'awwad ne, yana ta bayyana wa na gida abin da idonsa ke gani. Sai a ja labule.

Tana zaune a kan kujera a gaban makaɗa. Ba ta ce komai ba tukuna. Masu goge sun jeru, ga mai ƙanun, wato abin kiɗa mai tsirkiya da yawa, da kayansa a kan cinya, ga mai sarewa, ga mai ud, wato molon Larabawa, a bayanta daidai. Za su yi minti da yawa suna kaɗa share fage, ita kuwa tana kallon jama'a, tana auna su. Da ta miƙe tsaye sai tafi ya ɓarke. Makirufo yana rataye a gabanta, amma takan tsaya nesa da shi saboda ƙarfin muryarta. Gyalen nan na hannunta shi ne ke nuna halin da take ciki: idan waƙa ta yi zafi za ka ga ta matse shi tana murɗawa, idan ta sauko sai ta sake shi ya yi lilo.

Ga inda sirrin yake, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Waƙar da za a iya rerawa a gama cikin minti 20, a bakinta sai ta kai awa guda, wani lokaci ta wuce. Za ta rera baiti ɗaya. Zaure ya ɗauki sowa, ana kiran sunan Allah, ana roƙon ta maimaita. Sai ta ɗan juya ta yi wa makaɗa alama, su koma baya. Ta sake rera baitin nan, amma ba yadda ta yi da farko ba. Wannan karon ta ja wata gaɓa da ta wuce ɗazu da sauri. Karo na gaba ta sassauta murya har sai ka kasa kunne. Na gaba ta tsaya cak a tsakiyar kalma, mutum dubu su riƙe numfashi tare, sannan ta sake ta. Tana iya yi wa baiti guda haka sau biyar, sau goma, kowane da launinsa. Su kuma makaɗan dole idonsu ya kasance a kanta, don ba wanda ya san inda za ta bi, har da wanda ya tsara kiɗan.

Su ma masu sauraron ba baƙi ba ne a wannan fanni. A kujerun gaba akwai mutanen da suka shekara da shekaru ba su fashin zuwa, sun san kan kiɗan Larabawa kamar yunwar cikinsu. Ba sa tafi a inda bai dace ba. Sai ta kai ƙarshen jimla, ta sauke ta daidai, sannan za su tashi. Idan ta yi abin da ba su taɓa ji ba, nan take za su nuna mata sun gane, ita kuma jin haka sai ta ƙara ƙaimi. Shi ya sa waƙa ɗaya da ta rera a watan Janairu ba za ta yi kama da wadda ta rera a watan Maris ba. Masoyanta har yau ba sa cewa suna son waƙa kaza kawai. Sai sun faɗa maka ta wane dare, a wane zaure, a wace shekara.

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin da marigayi Alhaji Mamman Shata ke wasa ya san cewa waƙar a nan take ake gina ta, tsakaninsa da masu kalangu da 'yan amshi da mutanen da idonsa ya faɗa a kansu. Abin da ke damuna, kuma zan faɗe shi ƙarara, shi ne yadda a yau mutum zai biya kuɗin ƙofa ya shiga wasa, a kunna waƙar da aka naɗa a situdiyo, mawaƙi yana motsa baki yana zagaya dandamali. Wannan mai kallo an tauye masa haƙƙi. Ba abin da zai faru a daren da bai riga ya ji a wayarsa ba, don haka ba abin da zai ɗauka ya ba jikokinsa labari.

Mu koma Alƙahira. Mai ud ɗin da na ce yana zaune bayanta, sunansa Muhammad al-Ƙasabji. Babban mai tsara kiɗa ne, shi ya yi mata da yawa daga waƙoƙin da suka fara ɗaga ta. Da zamani ya juya ta koma karɓar kiɗan wasu, irin su Riyad as-Sunbati, bai yi zuciya ya tafi ba. Ya ci gaba da zama a kujerarsa yana kaɗa abin da wasu suka tsara, har ya rasu a 1966. Misirawa na ba da labarin cewa bayan rasuwarsa an bar kujerar nan a bayanta ba kowa a kai.

A wajen zaure kuwa, tituna kan yi tsit. Masu kanti su rufe da wuri. A gidajen shan shayi an jera kujeru a gaban akwatin rediyo, a gidaje an gama abincin dare an tara iyali. Da ƙananan rediyoyi masu batir suka yaɗu a shekarun 1960, sai zauren ya faɗaɗa har ya kai ƙauyukan da ko wutar lantarki babu, daga Bagadaza har Kasablanka. Mu da muke wannan sana'a ta rediyo, in muna neman abin alfahari, to ga shi nan.

(Kiɗa)

Cikin darurrukan nan akwai waɗanda suka yi fice. Ranar 6 ga Fabrairun 1964 ta fara rera waƙar Inta Umri. Abin da ya sa aka ƙagu da wannan dare shi ne wanda ya tsara kiɗan, Muhammad Abdulwahab, babban abokin gogayyarta na shekaru da dama, wanda ba su taɓa aiki tare ba. Shugaban Masar Jamal Abdunnasir na cikin waɗanda suka matsa a yi wannan haɗuwa. Abdulwahab ya shigo da jita mai amfani da lantarki cikin share fagen, abin da ba a saba ji a bayanta ba, jama'a kuma suka karɓa hannu bibbiyu.

Sai 1967. A watan Yuni aka gwabza yaƙin kwana shida da Isra'ila, Masar ta sha kashi, ta rasa yankin Sina'i. Ƙasa ta shiga baƙin ciki, baitulmali ya yi ƙasa. Ummu Kulsum, wadda a lokacin ta haura shekara 60, ta ɗauki makaɗanta ta shiga yawon wasanni, ciki da wajen ƙasar, kuɗin da aka tara tana miƙa wa gwamnati. Wannan tafiya ce ta kai ta zauren Olympia na birnin Faris a watan Nuwamban shekarar, inda ta yi dare biyu. Shi ke nan wasan da ta taɓa yi a Turai. Ana ba da labarin cewa hankalin mai zauren, Bruno Coquatrix, ya tashi da aka ce masa waƙa biyu ko uku za ta yi, don a lissafinsa ba za su kai rabin awa ba. Aka cika zauren maƙil. Ma'aikatan masana'antu 'yan Aljeriya da Maroko da Tunisiya, waɗanda suka tara kuɗin tikiti da gumin goshinsu, suka zauna kafaɗa da kafaɗa da jakadu da attajirai. Tana cikin rera waƙar al-Atlal wani saurayi ya kutsa ya hau dandamali ya faɗi a ƙafafunta yana sumbata, sai da aka janye shi. Ba a watse ba sai can cikin dare. Mutanen da suka shiga da kansu a sunkuye wata biyar bayan an ci su da yaƙi, sun fito suna jin cewa har yanzu suna da abin da za su nuna wa duniya.

Daga nan ta je Maroko, da Tunisiya, da Kuwaiti, da Labanan, da Libiya. A watan Disamban 1968 ta sauka Sudan, ta yi wasa a babban gidan wasanni na ƙasa da ke Umdurman. Ziyarar ta shiga ranta har ta nemi a kawo mata rubutun mawaƙan Sudan. Ta zaɓi ƙasidar wani malamin makaranta, al-Hadi Adam, Abdulwahab ya sa mata kiɗa, ta rera ta a 1971. A 1970 ta isa Mosko da niyyar wasa, sai labarin rasuwar Abdunnasir ya riske ta, ta juyo gida ba ta buɗe baki ba.

Ciwon ƙoda ya ci ƙarfinta a hankali. A watan Janairun 1973 ta yi wasanta na ƙarshe a Ƙasrun Nil, kuma waɗanda ke zaure a daren ba su san bankwana suke yi ba. Ta rasu ranar 3 ga Fabrairun 1975. Ranar jana'izarta miliyoyin mutane suka cika titunan Alƙahira. Jama'a suka karɓe makarar daga hannun jami'ai, suka yi ta miƙa ta daga kafaɗa zuwa kafaɗa na tsawon sa'o'i, har masallacin Sayyidina Husaini, kafin a kai ta makwancinta.

Gidan rediyon Masar ya naɗi darurrukan nan da dama, da tafin da sowar da komai, kuma yau suna nan a intanet ga mai so. Shawarata ga matasanmu, musamman masu sha'awar hawa dandamali, ku nemi ɗaya daga ciki ku zauna ku saurara daga farko har ƙarshe, kada ku tsallake, ko da ba kwa jin Larabci. Ku lura da abin da take yi wa baiti idan ta dawo kansa karo na uku.

Ku kuma 'yan'uwanmu Hausawan Sudan, idan a cikin dattawanku akwai wanda ya shiga zauren Umdurman a 1968, ko ya kwana a gaban rediyo a daren, don Allah ku zauna da shi ku ɗauki labarin, ku aiko mana. Haka duk mai sauraron da ke da wasan da ba zai manta ba, na Shata ne, na Ɗanƙwairo ne, na Barmani Coge ne, muna jiran saƙonsa, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)