Wuƙa Biyu a Jikin Mutum Ɗaya

Duk wanda ya shiga kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa ranar Lahadi, ya zuba ido a kan makiyaya da mahauta, zai ga wani abu mai ɗaure kai. Wani na maƙale da wuƙar maƙera a ƙugu, cikin kuben da dukawa suka ɗinka, amma idan aka miƙo masa goro sai ya sa hannu a aljihu ya zaro 'yar wuƙar kanti mai naɗewa. Mai wuƙa a ƙugu, me ya haɗa shi da ta aljihu?

Zato na farko shi ne gado. A ƙasar Daura wuƙar maƙera tana da daraja. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙar da ya sare kan maciji da ita a rijiyar Kusugu, macijin da ya hana jama'ar Sarauniya Daurama ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ke nan ta ƙugu ado ce da tunawa da magabata? A zaro ta a duba. Kaifinta na walƙiya, cikinta ya rame saboda yawan washi, ƙotar ta yi sumul. Kayan ado ba ya cinyewa haka.

Zato na biyu shi ne tsoro, wai makami ce. Wannan ma bai tsaya ba. Da don tsaro ne, ta ƙugu ta wadatar, domin mai naɗewa kafin a buɗe ta an makara.

To, sai a koma ga ƙarfen. Maƙeranmu sukan ƙera wuƙa da tsohon sifirin na mota. Ƙarfe ne mai ɗaukar kaifi, dutsen washi kuma na dawo da shi nan da nan, sai dai yana tsatsa, ruwan lemo ko mangwaro na baƙanta shi. Ta aljihu kuwa daga masana'anta take. Fitacciya a cikinsu ita ce Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1902 domin kasuwannin Afirka, aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Yawancin wuƙaƙen aljihu na yanzu daga Sin ake shigo da su, da ƙarfen da ba ya saurin tsatsa. Gajeru ne, mahaɗarsu kuma kan saki idan aka matsa musu.

Saura tambaya ɗaya: wane aiki ne ba ya jira? Amsar tana daji. Tunkiya ta ci abin da ya kumbura mata ciki, ko mota ta buge sa, rai na shirin fita. Idan ba a yanka nan take ba, dukiya ta zama mushe. A mazhabar Malikiyya ana so a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da an ɗaga hannu ba, addini kuma ya yi umarni a wasa wuƙa don kada a wahalar da dabba. 'Yar wuƙa mai naɗewa ba ta da tsawon da za ta ratsa wuyan sa, tana ma iya rufewa a kan yatsu.

Nan ƙullin ya warware. Yankan igiya, feren rake, fiƙe sanda da gyaran takalmi duk suna dakusar da kaifi. Ana ɗora wa ta aljihu waɗannan ƙananan hidimomi ne domin ta ƙugu ta zauna a shirye. Ƙarama ce ke tsare kaifin babba. Makiyayin da ya haɗa su biyu ya san aikinsa, ya kuma san hukuncin yanka.