Maganin Kaji Da Lafiyar Mutanen Katsina

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Sauri ya san lambunan da ke ba birnin Katsina latas da kabeji. Cikin takin da masu lambu ke so ƙwarai akwai kashin kaji. To, a nan muke so jama'a su lura.

Masu kiwo da yawa sukan zuba wa kaji ƙwayar nan ja-da-yalo, watau tetrasaikilin, a ruwan sha, ko da lafiyarsu lau. Maganin yakan kashe raunanan ƙwayoyin cuta na hanji, masu taurin kai kuwa su tsira su hayayyafa. Su ne ke bin taki zuwa ganyen da muke ci ɗanye. In suka kama yaro, sai likita ya ba da magani ya ƙi ci.

Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa ƙwayoyin cuta sukan saba da magani. A 2006 Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi irinsa don ƙiba.

Muna roƙon malamai da akawuna su faɗakar da jama'a: kada a ba kaza magani sai da izinin likitan dabbobi, a bar taki ya ruɓe sosai, a wanke ganye. Rigakafi ya fi magani.