Napoli: Birnin da abincin talakawa ya fi na masu kuɗi farin jini

Galibin masu kallon ƙwallo a Najeriya sun san sunan Napoli ne ta dalilin Victor Osimhen, wanda ƙwallayensa 26 suka taimaka wa ƙungiyar birnin ta ɗauki kofin Serie A a 2023, karo na farko tun 1990, zamanin Maradona. Sai dai abin da ke jan ɗimbin baƙi zuwa wannan birni na gaɓar teku a kudancin Italiya ya girmi ƙwallo nesa ba kusa ba. Abinci ne.

Napoli shi ne birni na uku mafi girma a Italiya bayan Rum da Milan. Yana kwance a bakin Bahar Rum, dutsen Vesuvius mai aman wuta na tsaye a gefensa. A nan aka haifi pizza irin wadda duniya ta sani a yau, kuma abin da ya bambanta birnin da sauran manyan biranen Turai shi ne gidajen cin abincin da suka fi suna ba na attajirai ba ne. Wurare ne masu teburin marmara da kujerun katako, inda ɗalibi da minista ke bin layi ɗaya.

Layi da lamba

Babban misali shi ne shagon Da Michele da ke unguwar Forcella, wanda iyalan da ke riƙe da shi ke ƙirga tarihinsu daga 1870. Ba a kama wuri ta waya. Mutum zai isa ƙofa a ba shi 'yar takarda mai lamba, ya koma bakin titi ya jira a kira shi, wani lokacin fiye da awa guda. Shagon ya shafe shekaru aru-aru yana sayar da pizza iri biyu kacal. Akwai margherita, mai tumatir da farin cukun mozzarella da ganyen basiliko, ɗan uwan ɗaɗɗoya. Akwai kuma marinara, wadda ko cuku babu a kanta, tumatir ne da tafarnuwa da mai da busasshen ganyen ƙamshi. Tun da Julia Roberts ta ci pizza a wurin a fim ɗin Eat Pray Love na 2010 layin ya ƙara tsawo.

Wanda ya san yadda ake gasa gurasa a tanderu a Kano ba zai ga baƙon abu sosai ba. Ƙullin bai wuce fulawa da ruwa da gishiri da yis ba. Ana barin sa ya tashi na tsawon sa'o'i, a buɗa shi da hannu ba tare da muciyar murzawa ba, a jefa shi cikin tanderun itace mai zafin da ya haura digiri 430. Daƙiƙa 60 zuwa 90 ta gasu. Gefenta kan kumbura da ɗigon ƙuna nan da can, tsakiyarta kuma ta yi laushi har da ɗan ruwa-ruwa. Baƙi da yawa kan zaci ba ta gasu ba. Haka ake son ta.

Waɗannan ƙa'idoji a rubuce suke. A 1984 masu sana'ar suka kafa ƙungiyar kare asalin pizzar Napoli, wadda ta ƙayyade komai, har faɗinta da bai kamata ya wuce santimita 35 ba. Tarayyar Turai ta ba ta kariyar doka a 2010, sannan a Disambar 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar mai gasa pizza na Napoli cikin al'adun da duniya ta gada.

Labarin da ake yawan ba baƙi shi ne wani mai gasa pizza, Raffaele Esposito, ya ƙirƙiri margherita a 1889 don karrama Sarauniya Margherita, da launin tutar Italiya: ja da fari da kore. Shagon Brandi na nuna wata wasiƙa daga fada a matsayin hujja. Masana tarihi da dama na shakkar wasiƙar, kuma tun kafin wannan shekara ana cin pizza mai irin wannan haɗi a birnin. Labarin dai yana sayar da kaya, shi ya sa ba wanda ke gaggawar gyara shi.

Gaskiyar da ta fi labarin sarauniya ƙarfi ita ce pizza abincin wanda ba shi da murhu ne. A ƙarni na 18 da na 19 Napoli na cikin biranen da suka fi cunkoso a Turai, talakawa na kwana a ɗakuna marasa wurin girki, don haka a titi suke saye su ci. Fim ɗin L'oro di Napoli na 1954 ya nuna Sophia Loren tana sayar da soyayyiyar pizza a ƙofar gida, a zamanin da ake da al'adar ci yau, biya bayan kwana takwas. Har gobe a titin Via dei Tribunali ana sayar da ƙaramar pizza a naɗe gida huɗu cikin takarda, a ci ana tafiya. A wannan titi ne Shugaban Amurka Bill Clinton ya tsaya ya ci pizza a shagon Di Matteo lokacin taron ƙasashen G7 na 1994.

A bakin ruwa

Idan aka gangaro daga tsohon gari zuwa gaɓa, teburin ya sauya, kuɗin ma ya sauya. A unguwar Santa Lucia, a gindin tsohuwar ganuwar Castel dell'Ovo, akwai 'yar tashar kwale-kwale da ake kira Borgo Marinari, cike da gidajen cin abinci masu kallon ruwa. Daga nan har Mergellina da Posillipo abincin teku ne ke mulki.

Wanda ya fi shahara shi ne taliya da vongole, wasu ƙananan halittun teku masu ɓawo biyu. Ana jefa su cikin man zaitun da tafarnuwa da ɗan barkono har su buɗe, ruwan da suka saki ya zama miyar. Babu cuku a kai, kuma wanda ya nemi a barbaɗa masa zai ga yadda fuskar mai kawo abinci za ta canza. Akwai kuma cozze, manyan 'yan uwansu masu baƙin ɓawo da ake dafawa da masoro, da soyayyun ƙananan kifaye da jatan lande da ake zubawa a takarda mai siffar mazurari. Talaucin birnin ya bar sawunsa har a nan: akwai girkin da ake kira taliya da vongolen da suka gudu, wato an yi komai yadda aka saba, sai dai babu su a ciki.

Dattawan birnin ba su manta da 1973 ba, shekarar da kwalara ta ɓarke aka ɗora laifin a kan ɗanyen cozze. Baƙo ya fi kyau ya tsaya a kan dafaffe.

A nan ne kuma aka fi yi wa baƙi wayo, ko kuma su yi wa kansu. Sau da yawa kuɗin da aka rubuta a gaban sabon kifi ba na farantin ba ne, na kowane giram 100 ne, wanda ake rubutawa da kalmar etto. Kifin da aka ga Yuro 8 a gabansa, idan ya kai giram 700, Yuro 56 ke nan. Babu kunya a ce a auna a faɗi kuɗin kafin a ɗora a wuta. 'Yan gari ma haka suke yi.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya. Abincin rana daga ƙarfe ɗaya ne zuwa uku, na dare kuma ba ya kankama sai takwas ta wuce, gidajen da ke buɗe da ƙarfe shida na yamma yawanci don 'yan yawon buɗe ido aka buɗe su. Takardar jerin abinci na tafiya hawa-hawa, daga abin buɗe baki zuwa taliya, sannan kifi ko nama, sannan kayan zaƙi, amma ba dole ba ne a bi duka. A ƙasan takardar kuɗi za a ga coperto, Yuro biyu ko uku a kan kowane mutum, kuɗin zama da burodi. Ba cuta ba ce, haka tsarin yake a faɗin ƙasar. Ruwan sha ma na saye ne. Kuma ba za a kawo takardar kuɗin ba sai an nema, domin a wurinsu kawo ta ba a tambaya ba tamkar korar baƙo ne.

Inda Musulmi zai yi hattara

Ga Musulmin da ya fito daga Yammacin Afirka, birnin gaɓa irin wannan yana da sauƙi ta wani ɓangare, tunda a mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne. Marinara da margherita ma babu nama a kansu, kuma ƙullin pizzar tanderu ta asali ba a sa masa kitse.

Matsalar tana inda ido ba ya gani. Kitsen alade, wanda ake kira strutto ko sugna, shi ne man girkin talakawan Napoli tun da can, kuma yana nan a cikin abubuwan da ba za a taɓa zato ba. Sfogliatella, kayan zaƙin da birnin ke alfahari da shi, a al'ada da shi ake yin ta. Haka taralli, zagayayyen biskit mai masoro da ake sayarwa a bakin teku. Soyayyiyar pizzar nan ta Sophia Loren, abin da aka fi cusawa a cikinta cuku ne da guntayen naman alade. Miyar ragù ta ranar Lahadi, wadda ake dafawa sa'o'i shida ko fiye, galibi akwai haƙarƙarin alade da jar giya a ciki. Babà kuwa, wani lallausan burodi mai siffar naman kaza, a cikin barasar rum ake tsoma shi. Ko taliya da vongole, wasu masu girki kan ɗiga mata farar giya.

Kalmomi kaɗan za su wadatar: maiale shi ne alade, prosciutto da pancetta da salame duk daga jikinsa suke, vino ita ce giya, senza kuma na nufin "ban da". Tunda yawancin abincin teku sai an nema ake girka shi, cire giyar ba ya ba su wahala. Mai son naman yanka kuwa sai ya nufi kewayen Piazza Garibaldi, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, inda mahautan halal da shagunan 'yan Afirka da na 'yan Asiya suka taru.

Rigimar farashi

A tsoffin shagunan tsakiyar gari, margherita mai cika faranti har ta zubo gefe ba ta cika wuce Yuro 5 zuwa 7 ba. Mutanen Napoli na ɗaukar wannan araha a matsayin mutuncinsu, kuma an ga haka a 2022, lokacin da attajirin nan Flavio Briatore, tsohon shugaban ƙungiyar tseren motoci, ya kare tsadar gidajen abincinsa na Crazy Pizza, inda wata pizzar ta kai Yuro 65. Ya tambaya: mai sayar da pizza Yuro huɗu, me yake zubawa a ciki? Gino Sorbillo, ɗaya daga cikin fitattun masu sana'ar, ya mayar da martani ta hanyar raba pizza kyauta a ƙofar shagonsa. Bayan shekara biyu Briatore ya buɗe reshe a bakin tekun Napoli, yana sayar da margherita Yuro 17.

Masu sana'ar sun yi gaskiya da suka ce fulawa da tumatir da cuku ba kayan tsada ba ne, kuma mai sayar da ɗaruruwa a rana zai iya rayuwa da ƙaramar riba. Amma tambayar Briatore, duk da izgilin da ke cikinta, tana da wata amsa da ba a cika bayarwa a teburi ba.

Tumatir ɗin San Marzano da ake yi wa kirari, wanda ake nomawa a kwarin Sarno kusa da Vesuvius, ɗan kaɗan ne cikin abin da ake ci. Mafi yawan tumatirin gwangwani na kudancin Italiya a filayen Foggia da ke jihar Puglia ake noma shi, a ɗauko shi a manyan motoci zuwa masana'antun da ke kewayen Napoli da Salerno. A yau injina ne ke girbe kaso mafi yawa, amma inda ake buƙatar hannu, musamman idan ruwan sama ya hana inji shiga gona, hannun baƙin haure ne, da yawansu daga Ghana da Mali da Senegal da Najeriya. Dillalan ƙwadago da ake kira caporali ne ke kwasar su da asuba, su cire kuɗin mota daga ladansu. Ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan jarida sun sha ba da rahoton ana biyan Yuro uku zuwa huɗu a kan akwati mai cin kilo 300. Wato cika akwati guda ba ya sayen margherita guda.

Lamarin ba sabo ba ne. A 1989 aka kashe Jerry Masslo, ɗan gudun hijira daga Afirka ta Kudu da ke tsinkar tumatir a Villa Literno, arewa da Napoli, kisan da ya girgiza ƙasar har ya kai ga dokar shige da fice ta 1990. A 2016 majalisar Italiya ta tsaurara hukunci a kan dillalan ƙwadagon da masu gonakin da ke amfani da su. Shekara biyu bayan haka, a Agustan 2018, ma'aikatan gona 16, dukkansu baƙi, suka mutu cikin kwana uku a haɗurran mota biyu kusa da Foggia, suna dawowa daga tsinkar tumatir a cunkushe cikin motocin ɗaukar kaya.

Wasu ƙungiyoyi sun fara sayar da tumatirin gwangwani mai shaidar cewa an biya masu tsinka bisa doka, kuma ya fi na kasuwa tsada. Har yanzu ba kasafai ake ganin gidan cin abincin da ya rubuta hakan a takardar jerin abincinsa ba, ko da yake yawancinsu ba sa mantawa su rubuta sunan garin da cukunsu ya fito.