Gaba taya, baya sarƙa

Wanda ya ratsa unguwar Zariya ta Maraɗi da marece ya san motocin yara: na waya, na kara, na gwangwanin madara. Haka abin yake a Tibiri da Jiratawa. Iyaye da dama suna cewa ɓata lokaci ne, wasu har su kai ga duka. Amma akwai wata mota da idan yaro ya ƙera ta, ya koyi abin da zai amfani mai amalanke.

Motar nan gabanta taya biyu, bayanta sarƙa irin ta tankar yaƙi. Wani Bafaranshe mai suna Adolphe Kégresse ne ya ƙago sarƙar roba. A 1924 motocin Citroën guda 8 masu irin wannan sarƙa suka taso daga Aljeriya, suka keta hamada, suka bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram. Daga baya sojan Amurka suka ƙera tasu mai suna M3. Da motoci irinta sojan Janar Leclerc suka shiga birnin Paris a watan Agusta na 1944.

A Turai ana sayar da ƙaramar M3 ta roba cikin kwali, gunduwa-gunduwa, mutum ya liƙa da kansa. An rage kowane awo sau 35: tsawon mita 6 ya koma santimita 17. Gwanaye ba su tsayawa ga abin da ke cikin kwalin. Wani ya cire bindiga, ya yanke, ya ƙara rufi, ta zama motar ɗaukar masu rauni.

Yaron Zariya ba shi da kwali, to amma yana da tsohuwar motarsa ta waya. Sai ya bar tayoyin gaba da sanda ta tuƙi yadda suke. Ya kwance na baya. A kowane gefe ya sa manyan faifai biyu da ya yanko daga tsohon takalmin roba, ɗaya gaba ɗaya baya, tsakaninsu marufan kwalba huɗu a jere. Sa'an nan ya yanko zoben robar cikin taya, ya ɗaura a kansu. Nan aikin yake. In robar ta yi sako-sako sai ta suɓule, in ta yi tsauri faifan ba su juyawa. Dole gefen dama da na hagu su zo daidai, in ba haka ba motar ta riƙa karkata. Ba a samun wannan sai da awo, awo kuwa lissafi ne, irin wanda manya ke koyo a ajin yaƙi da jahilci.

A kai motoci biyu yashin gulbi, mai taya da mai sarƙa, a ɗora wa kowace dutse mai nauyi ɗaya. Mai taya ta nutse, mai sarƙa ta wuce, domin nauyinta ya bazu a wuri mai faɗi. Makiyayi ya san wannan: raƙumi na tafiya inda jaki ke kafewa, saboda faɗin tafin ƙafarsa. Shi ya sa amalanke mai faffaɗan taya ya fi sauƙin ja cikin rairayi.

Abu guda iyaye za su lura da shi: bakin gwangwani da kan waya suna yanka. A lanƙwashe su, kuma in yaro ya ji ciwo a wanke da sabulu a kai shi likita, saboda ciwon tetanos, wanda ƙwayar cutarsa ke cikin ƙasa.